Taitin: Igiyar da Ke Riƙe da Tsoka Idan An Ja Ta

Assalamu alaikum. Barkanku da zuwa. Na can baya, in murya ba ta kai muku ba ku ɗaga hannu.

Kowa ya miƙe ƙafarsa ɗaya a inda yake zaune, ya kama yatsun ya jawo su wajensa, ya saki jiki sarai. Kun ji tsokar bayan ƙwauri tana turjewa? Ba ku kuka sa ta ba. Ƙwaƙwalwa ba ta aika mata saƙo ba, ita ma ba ta ƙona makamashi ba, amma tana ja. Kuna saki ta koma yadda take. Wani kaso na wannan turjiya daga kolajin yake, wato zaruruwan da suka lulluɓe tsoka ta waje. Wani kaso kuma daga can cikin ƙwayar tsokar yake fitowa, daga furotin guda ɗaya mai suna taitin. A kansa za mu yini yau.

Idan aka sa zaren tsoka a madubin ƙara girma, za a ga ya kasu ɗaki-ɗaki a jere. Kowane ɗaki sunansa sakomiya, tsawonsa maikiromita 2 zuwa 2.5 (maikiromita ɗaya shi ne milimita a raba gida dubu). Bangon kowane gefe shi ne faifan Z. Daga bangon nan siraran zaruruwan aktin suke fitowa su nufi tsakiya, a tsakiyar kuma akwai kakkauran zaren mayosin mai tsawon maikiromita 1.6. A 1954 Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da kuma Hugh Huxley da Jean Hanson, suka nuna cewa tsoka tana ƙanƙancewa ne saboda zaruruwan nan biyu suna zamewa a jikin juna. Bayanin ya zauna, sai dai ya bar rami. In zare biyu ne kawai, kuma ba a ɗaure suke da juna ba, me ya tsayar da mayosin a tsakiya? Kuma a tsokar kwaɗo, in aka ja sakomiya ta wuce maikiromita 3.6, aktin da mayosin sun rabu ke nan, ba mai taɓa wani. Kamata ya yi ɗakin ya wargaje. Ba ya wargajewa, ƙara turjewa ma yake yi.

A wannan shekarar ta 1954 Reiji Natori a Japan ya feɗe fatar ƙwayar tsoka ya ja abin da ya rage, ya ga yana komawa, ya ce lalle akwai wani zare na uku. Sai da aka haura shekara ashirin kafin a kama shi, kuma dalilin jinkirin abin dariya ne. Ana tantance furotin ne ta hanyar tura su cikin jel da wutar lantarki, ƙanana su yi nisa, manya su tsaya kusa. Shi wannan girmansa ya hana shi shiga jel ɗin ma sam. Yakan maƙale a bakin rami, masu bincike su ɗauka datti ne. Koscak Maruyama ne ya fitar da shi a tsakiyar shekarun 1970 ya sa masa suna konektin. A 1979 Kuan Wang a Amurka ya gano shi ta tasa hanyar, ya kira shi taitin, daga sunan ƙattin almarar Girkawa. A 1995 Siegfried Labeit da Bernhard Kolmerer a Jamus suka karanto jerinsa, a 2001 kuma aka kammala karanta ƙwayar gadonsa, TTN, a kan kuromosom na 2. Tana da guntaye 363 masu ɗauke da saƙon furotin, waɗanda ake kira ekson. Da za a haɗa su duka, amino asid 38,138 za a samu. Ku kwatanta da aktin mai 375. Babu furotin da aka sani a jikin ɗan Adam da ya kai shi, kuma bayan mayosin da aktin shi ne na uku a yawa cikin tsoka.

Ga yadda yake kwance. Ƙwaya ɗaya ta taitin tana tashi daga faifan Z ta kai layin M da ke tsakiyar sakomiya, wato rabin ɗaki, sama da maikiromita 1. Guda shida ne a kowane rabin zaren mayosin. A faifan Z, wani ƙaramin furotin, teletonin, yana shiga tsakanin kawunan taitin biyu ya ɗinke su, kuma da aka auna wannan ɗauri a 2009 sai da aka kai wajen fikoniyuton 700 kafin ya balle. Ku riƙe wannan ma'auni, fikoniyuton: niyuton ɗaya a raba shi gida tiriliyan. Rabin taitin da ke kwance a jikin mayosin, a yankin A, ba ya miƙewa. Manne yake, an jera dunƙulensa sha ɗaya-sha ɗaya, kowane rukuni yana cin kusan nanomita 43 (nanomita dubu ne maikiromita ɗaya), daidai da tazarar da tsarin mayosin yake maimaituwa. Shi ya sa ake ce masa magwajin zaren mayosin. Duk miƙewar da muke magana a kai tana faruwa ne a ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen mayosin da faifan Z, wato yankin I.

A wannan fili abubuwa iri biyu ne aka ƙulla a jere. Na farko dunƙule-dunƙule ne da ake kira Ig, saboda kamanninsu da sassan furotin na garkuwar jiki. Kowanne amino asid 90 zuwa 100 ne da suka naɗe suka zama curi mai tsawon nanomita 4 da ɗoriya, an jera su kamar duwatsun sarƙa. Na biyu zare ne tsura wanda ba shi da naɗi tsayayye. Babbansu shi ne PEVK, sunan da ya samo daga haruffan amino asid huɗu da suka mamaye shi: furolin, gulutamet, balin da laisin. Furolin yana hana naɗi, gulutamet da laisin kuma suna ɗauke da caji, suna son ruwa, don haka zaren ba ya dunƙulewa. A zuciya akwai wani zaren tsura na daban mai amino asid 572 a cikin sashen N2B.

To, yanzu mu zo ga ainihin tambaya. Me ke sa zaren da ba shi da siffa ya ja da baya?

Yawancin mutane in an ce abu yana miƙewa yana komawa, sifirin na ƙarfe suke hangowa. A ƙarfe, jan da kake yi yana gusar da atam daga mazauninsu, ɗaurin da ke tsakaninsu ne ke mayar da su. Taitin ba haka yake ba, ɗan'uwan roba ne. Ku ɗauko siririyar sarƙa ku ajiye a kan faranti, ku riƙa girgiza farantin. Duk yadda kuka miƙar da ita, kafin wani lokaci za ta tattare ta cukurkuɗe. Ba don wani abu yana jan kawunanta ba ne. Hanyoyin da sarƙa za ta iya kwanciya a cukurkuɗe ba su ƙirguwa, hanyar kwanciya a miƙe sak kuwa ɗaya ce tak. Girgiza tana jefa ta daga wannan kwanciya zuwa waccan, kuma kusan kowace ta faɗa cukurkuɗaɗɗiya ce. A cikin tsoka, mai girgiza farantin shi ne zafi: ƙwayoyin ruwa suna dukan zaren ta kowace fuska ba dare ba rana. In ka kama kawunan ka raba su, ka rage wa zaren zaɓi, dukan nan kuma zai riƙa fizgar kawunan zuwa ciki. Wannan fizga ita ce ƙarfin da ake aunawa. Masana fiziks suna ce masa ƙarfin entirofi. Alamarsa ita ce in zafi ya ƙaru, jan yana ƙaruwa. Ku rataya nauyi a jikin robar ɗaure kaya ku hura mata iska mai zafi, za ku ga ta ɗaga nauyin sama.

Ana iya lissafa shi. Lissafin da aka fi amfani da shi John Marko da Eric Siggia ne suka tsara shi a 1995, asali don zaren DNA. Abu uku yake buƙata. Na ɗaya cikakken tsawon zaren in an miƙar da shi tas, mu kira shi L. Na biyu makamashin zafi, kT, wanda a zafin ɗaki yake daidai da fikoniyuton-nanomita 4.1. Na uku abin da zan kira tsawon dagewa, p, wato nisan da zaren yake tafiya a miƙe kafin zafi ya karkatar da shi. Ƙarfin jan shi ne kT a raba da p, a ninka da wani adadi da ya dogara ga yawan abin da aka ja. In an ja rabin L adadin 1.25 ne. In an ja kashi uku cikin huɗu, 4.5. In an kai kashi 90 cikin ɗari, ya haura 25. Kun ga ba miƙaƙƙen layi ba ne. Da fari da sauƙi, daga baya sai ka ji kamar ka ci karo da bango. Haka tsoka take a hannu.

Yanzu mu zuba adadi. Jerin dunƙulen Ig yana da p na kusan nanomita 10, saboda kowane curi sanda ne, a mahaɗa kawai yake lanƙwasa. PEVK yana da kusan nanomita 1. A ja kowanne zuwa rabin tsawonsa: jerin Ig yana buƙatar rabin fikoniyuton, PEVK kuwa 5. Ku lura da abin da ya faru, don a nan ɗalibai suke tuntuɓe kowace shekara. Zaren da ya fi taurin lanƙwasa shi ne ya fi sauƙin miƙewa. Dalili? Mai gaɓoɓi kaɗan dogaye ba shi da hanyoyin cukurkuɗewa da yawa tun farko, don haka in ka miƙar da shi ba ka ƙwace masa abu mai yawa ba. Mai laushi, mai gaɓoɓi barkatai, shi ne mai gardama.

Tunda a jere aka ƙulla su, ƙarfi ɗaya ne ke ratsa su duka, kowa kuma yana amsawa gwargwadon halinsa. Jerin Ig ne ke fara miƙewa, ba tare da dunƙule ko ɗaya ya warware ba, kamar yadda ake buɗe ma'aunin kafinta mai naɗewa. Wannan kwatanci ma daga masu binciken ya fito, bayan rukunin Olga Mayans ya fitar da siffar dunƙule shida a jere a 2008. Idan ya kusa ƙurewa sai PEVK ya karɓa, a zuciya kuma zaren N2B ya shigo. An ga wannan da ido a shekarun 1990: aka liƙa alama a wurare daban-daban na taitin da furotin na garkuwa, aka ja tsoka mataki-mataki, aka duba da madubin lantarki wace alama ce ta fara gusawa.

Mu gwada da zuciya. Sakomiyarta tana aiki tsakanin maikiromita 1.9 da 2.2. Bambancin nanomita 300 ne, kowane rabi ya ɗauki 150. Gajeren taitin na zuciya yana da dunƙulen Ig kusan 40 a yankin I, wajen nanomita 180 ke nan. PEVK ɗinsa bai kai amino asid 200 ba, a ninka da nanomita 0.36 na kowanne, kusan 70. Zaren N2B ya ba da sama da 200. Jimilla ta haura 450. Igiya ta isa har da rara, kuma ƙarfin da ke kan kowace ƙwaya bai wuce 'yan fikoniyuton ba. Akwai wani abu kuma: in zuciya ta matse har sakomiya ta yi ƙasa da tsawon hutunta, taitin yana turawa ta ɗaya gefen, ya taimaka wa ɗakin zuciya ya buɗe ya zuƙo jini.

Saura dunƙulen kansu. Shin suna warwarewa?

Shekarar 1997 ita ce ta buɗe wannan ƙofa. Rukuni uku suka kama ƙwayar taitin guda ɗaya suka ja. Biyu sun yi da matsefatar leza, wato hasken leza mai riƙe ɗan mitsitsin dutse da aka manna wa ƙwayar: Miklós Kellermayer da Henk Granzier da Carlos Bustamante a Amurka, sai Larissa Tskhovrebova da John Trinick da Robert Simmons a Ingila. Na uku, Matthias Rief da Hermann Gaub da abokan aikinsu a Jamus, sun yi da na'urar AFM. Yadda take aiki shi ne: ana ɗiga furotin a kan gilashi mai rufin zinariya, a sauko da wani ɗan falle mai lanƙwasa wanda ke da tsini a bakinsa, a danna, a janye a hankali. In an yi sa'a ƙwaya ɗaya ta maƙale. Hasken leza da ke dukan bayan fallen shi ke nuna yawan lanƙwasarsa, daga nan a san ƙarfi. Abin da ya fito a allo haƙoran zarto ne. Ƙarfi ya hau ya kai fikoniyuton 150 zuwa 300, ya faɗi kwatsam, ya sake hawa, ya sake faɗuwa, tazarar kowane haƙori nanomita 25 zuwa 28. Kowace faɗuwa dunƙule ɗaya ne ya warware ya saki igiya.

Dunƙulen da aka fi sani shi ne I27, wanda a sabon ƙidaya ake kira I91. Amino asid 89 gare shi. A ninka da 0.36, nanomita 32. A cire 4 na tsawonsa lokacin da yake naɗe, saura 28. Abin da na'ura ta nuna ke nan, ba ƙari ba ragi. Rukunin Julio Fernandez ya ƙera sarƙa ta I27 zalla, kwafi bayan kwafi, don a tabbata abin da ake ja, aka samu yana ballewa a wajen fikoniyuton 200.

Me ya ba shi wannan ƙarfi, alhali furotin irin su sifektirin, masu naɗin murɗe, suna warwarewa a 25 zuwa 35? Amsar tana ga fuskar da ake ja. I27 falle biyu ne na tsiri-tsiri da aka kifa wa juna. Tsirin da ke kusa da farko da na ƙarshe, A' da G, suna kwance kafaɗa da kafaɗa, ɗaurin haidirojin shida ya haɗa su. Kowane ɗauri shi kaɗai ba komai ba ne. Ku tuna zik ɗin riga: in ka buɗe shi daga sama, haƙori ɗaya-ɗaya yake saki, ko yaro ya iya. Amma ka kama ɓangare ɗaya ka ja sama, ɗayan ka ja ƙasa, dole haƙoran su saki a tare, ba za ka iya ba. Haka ake jan A' da G. Klaus Schulten da Hui Lu sun nuna wannan a kwamfuta a 1998, daga baya har suka ga ƙwayoyin ruwa suna kutsawa tsakanin tsirin biyu kafin su rabu. Kafin babban ballewar ma akwai ƙarama: a wajen fikoniyuton 100 tsirin A yana ɓarewa daga B, dunƙulen ya ƙara kusan nanomita 0.7 amma bai rushe ba. Da zarar A' da G sun rabu kuwa, sauran ba ya wata turjiya.

A nan mutane da yawa suka yanke hukunci da wuri. Suka ce tunda sai an kai 200, a jiki kuma ƙarfin bai kai 10 ba, to dunƙulen ba sa warwarewa sai in tsoka za ta yage. A ganina wannan kuskuren karanta adadi ne. Wannan 200 ba hali ne na furotin ba, hali ne na furotin da aka ja da gudun ɗaruruwan nanomita a daƙiƙa. Warwarewa al'amari ne na jira. Ko ba a ja I27 ba, zafi kaɗai yana warware shi kusan sau ɗaya a minti 50, sai ya sake naɗewa cikin daƙiƙa guda. Ja yana rage jiran ne kawai. A fikoniyuton 200 jiran ya koma kashi kaɗan cikin ɗari na daƙiƙa. A 10 yana kusan rabin awa. Sannan ja, ko da ƙanƙani ne, yana hana sake naɗewa ƙwarai, domin dole zaren ya tattaro kansa yana jayayya da mai jansa. Ga shi kuma dunƙulen ba ɗaya suke ba: na kusa da faifan Z sun fi rauni, wajen 150, na kusa da mayosin wasu har kusan 300.

Matsefatar maganaɗisu ce ta raba gardamar, domin tana iya riƙe ƙwaya ɗaya da ƙaramin ƙarfi na sa'o'i. A 2016 rukunin Fernandez ya nuna dunƙulen Ig suna warwarewa suna naɗewa, kai da kawo, a fikoniyuton 6 zuwa 8. Sun ƙara da cewa naɗewar tana yin aikin da zai iya taimaka wa mayosin. Wannan magana ta biyu masana suna ta ja-in-ja a kanta, musamman kan ko naɗewar tana da saurin da zai yi amfani cikin bugun zuciya guda. Ta farkon dai ta zauna. Amfaninta a fili yake: in ka ja tsoka ka saki, hanyar dawowa ba ta bin ta zuwa, wani makamashi ya salwanta ya zama zafi. In ka ja ka riƙe, ƙarfin yana saukowa a hankali. Dunƙulen suna sakin igiya ɗaya bayan ɗaya, ƙarfi bai taru ya tsinka wani abu ba.

Bari in ɗan tsaya kan abin da ke lalata wa masu gwaji aiki, don cikinku akwai waɗanda za su shiga ɗakin bincike. Taitin yana da saurin karyewa. Enzayim irin su kalfen suna fara cinsa da zarar an yanko tsoka, don haka a daskarar da ita nan take a ruwan naitirojin, a niƙa ta a daskare, a narkar a ruwan da ke da yuriya mola 8, tayoyuriya mola 2, SDS kashi 3 cikin ɗari, da DTT, tare da magungunan hana enzayim. A ɗumama a digiri 60 na minti goma. Kada a tafasa kamar yadda ake yi wa sauran furotin, tafasa tana datsa shi. Jel ɗin kuma agaros kashi 1 cikin ɗari ne, ko akirilamaid kashi 2 da aka ƙarfafa da agaros, domin shi kaɗai ruwa-ruwa yake, ba ya ɗaukuwa. In ka ga layin ƙasa mai suna T2, wato datsattsen taitin, ya yi kauri, na sama T1, wato cikakkensa, ya dushe, samfurinka ya lalace. A AFM kuwa, yawancin janye-janye ba sa kamo komai, wasu su kamo ƙwaya biyu. Abin karɓa shi ne mai haƙora masu tazara ɗaya, da babban haƙori na ƙarshe inda ƙwayar ta saki tsinin. Haƙoran farko na kusa da gilashi a yi watsi da su, manne-manne ne. Kuma taurin fallen kansa sai an auna shi a kowane gwaji, kuskure a nan yana bin kowane adadi da ka rubuta. Mai aiki da zaren tsoka kuma ya tabbata akwai ATP isasshe, wato makamashin da ke sa mayosin ya saki aktin, da EGTA mai kame kalsiyam, in ba haka ba mayosin zai kama aktin, ya auna wannan ya ce taitin ne. Don raba kason taitin da na kolajin, ana wanke zaren da KCl mola 0.6, sannan KI mola 1, su cire mayosin da aktin, taitin ya rasa madogara. Abin da ya rage na kolajin ne. Da irin wannan Granzier da Thomas Irving suka nuna a 1995 cewa a zuciyar ɓera taitin ne ke ɗauke da yawancin turjiya a gajeren tsawo, kolajin yana karɓa ne can sama.

To jiki yana iya sauya taurin igiyar? Yana iya, ta hanya biyu. Ta sannu ita ce yanka da ɗinki: daga ekson 363 nan, kowace tsoka tana zaɓen waɗanda za ta haɗa. Tsokar soliyos ta bayan ƙwauri tana yin dogon taitin, mai nauyin megadalton 3.7 (dalton shi ne ma'aunin nauyin furotin), mai dunƙulen Ig kusan 90 a jere da PEVK mai amino asid sama da 2,000. Zuciya tana yin iri biyu a sakomiya ɗaya: N2B gajere mai tauri, wanda ya ɗauki sunan sashen nan na N2B, megadalton 3.0, da N2BA mai ɗan tsawo da laushi. A ɗakin hagu na zuciyar mutum kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari N2BA ne. Ɓera, mai bugun ɗaruruwa a minti, kusan duk N2B ne. Ɗan tayi yana farawa da dogo, bayan haihuwa a koma gajere. Ba a sauya kayan ba, tsawo kawai aka sauya: ja ɗaya a kan gajeren L ya kai shi kusa da bango, a kan dogo kuwa ko rabi bai kai ba. Mai kula da wannan ɗinki furotin ne mai suna RBM20, an tabbatar da aikinsa a 2012, kuma in ya lalace taitin yana fitowa zangarniya, zuciya ta saki.

Ta gaggawa kuma cikin mintoci take. Enzayim PKA da PKG suna liƙa fosfet a zaren N2B, p ya ƙaru, igiya ta yi laushi, zuciya ta cika da sauƙi. PKC-alfa tana liƙawa a PEVK, ta ƙara tauri. Zaren N2B yana da sistin shida, in iskar oksijin mai ɓarna ta yi yawa sukan ƙulla da juna, L ya ragu, tauri ya ƙaru. Wasu sistin kuma a ɓoye suke cikin dunƙulen Ig, sai ya warware suke bayyana. In gulutatayon ya manne musu a lokacin, dunƙulen ya kasa naɗewa, igiya ta zauna da tsawo.

A asibiti ana ganin sakamakon. Akwai ciwon zuciyar da matsewa lafiya lau take, cika ce ta gagara saboda tauri. Masu bincike a Amsterdam sun ciro ƙwayoyin zuciyar irin waɗannan marasa lafiya, suka same su da tauri fiye da kima, da aka zuba musu PKA taurin ya sauka. Amma da aka gwada maganin sildenafil, mai ɗaga aikin PKG, a gwajin RELAX na 2013, marasa lafiyar ba su samu sauƙi ba. Gyara ƙwaya a faranti daban, gyara mutum daban. Ta ɗaya ɓangaren, a 2012 aka gano cewa sauyin gado mai datse taitin kafin ya kai ƙarshe yana cikin kusan kashi 25 cikin ɗari na masu ciwon buɗewar zuciya na gado. Inda sauyin ya faɗa shi ne magana: in a ekson ɗin da zuciya kan tsallake ne, sau da yawa ba ya cutarwa, in a yankin A ne, wanda ba a tsallakewa, haɗarin ya fi yawa.

Na ga hannu. Bismillah.

"Malam, duk abin da aka faɗa na tsokar da ke hutawa ne. In tana aiki fa, taitin zaman kallo yake yi?"

Madalla da wannan tambaya. Tun 1952 Abbott da Aubert suka lura cewa in aka ja tsoka tana cikin aiki, ƙarfin da take riƙewa bayan jan ya fi wanda za ta bayar a wannan tsawon in ba a ja ta ba. Zamewar aktin da mayosin ita kaɗai ba ta bayyana wannan. A 2010 Tim Leonard da Walter Herzog a Kanada suka ja zaren tsoka mai aiki har ya wuce inda aktin da mayosin ke haɗuwa, ƙarfin ya ninka na zaren da ke hutawa, alhali babu mayosin ko ɗaya da ke riƙe. Da suka cire taitin ƙarfin ya ɓace. Kalsiyam yana kama wuraren gulutamet na PEVK ya ƙara tauri, amma kaɗan ne, bai isa ba. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne wani sashen taitin, N2A ko PEVK, yana kama aktin lokacin aiki. In ka kama igiya a tsakiya ka ɗaure ta a turke, jerin Ig mai sauƙin miƙewa ya fita daga lissafi, L ya ragu, abin da ya rage mai gardamar ne. Ana zaton wannan shi ke aiki a cinyarki lokacin da kike saukowa daga bene.

Ɗaya kuma, sai mu tashi.

"Allah ya gafarta Malam, dabbobin da ba su da ƙashin baya fa?"

Suna da 'yan'uwansa, da dunƙule iri ɗaya. Tsutsar bincike, C. elegans, tana da tuwicin. Ƙwari suna da furojektin da salimus, wanda gajeren nau'insa ake kira ketin, wajen kilodalton 500. A tsokar tashi ta ƙudan 'ya'yan itace yankin I ɗan mitsitsi ne, ketin da furojektin ne suka haɗa mayosin da faifan Z, igiya gajera ƙwarai, don haka tsokar tana da tauri kamar itace. Da gangan ne. Fukafukin yana kaɗawa kusan sau 200 a daƙiƙa, jijiya ba ta iya aika saƙo a kowace kaɗawa. Tsoka biyu ne ke jan ƙirjin ta fuskoki mabambanta, ɗaya ta matse ta ja ɗayar, jan kansa ya tayar da ita ta matse ta rama. John Pringle ya bayyana wannan a 1949. Don ja ɗan kaɗan ya isa ga mayosin nan take, dole igiyar ta zama ba ta da rara, kuma tsawon tsokar gaba ɗaya ba ya sauyawa fiye da 'yan kaso cikin ɗari a kowace kaɗawa.